Yaya ya ce sana'ata sata ce, ni kuwa na ce na'urar mai ita ce

Assalamu alaikum Kawu, barka da aiki. Ni matashi ne ɗan shekara 25 a nan Jos. Bayan na gama difloma na yi shekara biyu ina zaman kashe wando, sai yayana da ke aikin gwamnati a Abuja ya ba ni jari na kama ɗan shago a wajen Bauchi Road. Ina gyaran waya da na'urorin gem, kuma ina da PlayStation 4 guda huɗu da yara ke biya su buga ƙwallo. Amma gaskiya abin da ya fi kawo mini kuɗi shi ne buɗe na'ura, abin da muke kira hakin, in loda wa mutum wasanni goma ko ashirin a kan kuɗin da bai kai na kaset ɗaya na asali ba. Da shi nake biyan haya, nake sayen maganin hawan jinin Mama, har na fara tara kuɗin lefe.

Kwanakin baya na buɗe wa wani Alhaji tasa. Yaransa suka haɗa ta da intanet, ta sabunta kanta, wasannin duk suka kulle. Ya zo shago ya wanke ni tas a gaban yara, ya ce in biya shi kuɗin na'urar gaba ɗaya ko ya kawo mini 'yan sanda. Maganar ta kai kunnen Yaya. Ya kira ni ya ce abin da nake yi sata ce, kuma laifi ne a doka, ba zai yarda a ci haram da kuɗinsa ba. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in daina ko in mayar masa da jarinsa. Na ce masa wanda ya sayi abu da kuɗinsa ai nasa ne, ba ruwan wani kamfani da ke Japan da abin da zai yi da shi. Muka yi sa-in-sa, yau sati uku ke nan bai ɗauki wayata ba. Mama kullum cikin damuwa take. Kawu, da gaske laifi ne? In ma laifi ne, ya dace ya zama laifi? Kuma ya zan yi da Yaya da wannan Alhajin?

Wani matashi, Jos

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karatu na biyu ne na gane inda ƙayar ta soke ka. Ba Alhaji ba ne, ba kuma 'yan sanda ba. Kalmar sata ce, da ta fito daga bakin mutumin da ya fitar da kai daga zaman banza. Wanda ke tashi cikin sanyin Jos ya buɗe shago, ya sayi maganin mahaifiyarsa da guminsa, ba zai ji daɗi a kira shi ɓarawo ba. Na fahimci wannan, kuma ba zan kira ka da sunan ba. Sai dai akwai abin da zan faɗa maka da ba zai yi maka daɗi ba shi ma, don haka bari in fara da wurin da nake bayanka.

Maganar da ka faɗa wa Yaya ba shirme ba ce. Manyan alƙalai sun daɗe suna kai-komo a kanta. Idan ka sayi babur, ka canja masa salansa, ka ƙara masa tsawon kujera, babu mai tambayarka. To me ya sa na'urar gem za ta bambanta? A 2005 kotun ƙoli ta Ostareliya ta yanke hukunci a shari'ar da Sony, kamfanin Japan da ke ƙera PlayStation, ya yi da wani mai sa wa na'urar ƙaramin guntun da ke buɗe ta, kuma mutumin ne ya yi nasara a kan maganar makullin da kamfani ke sa wa na'ura don ya hana buga wasannin kwafi. Shekara ɗaya kafin nan, a 2004, wata kotu a Ingila ta duba irin wannan guntun ta ce haramtacce ne. Abu ɗaya, kotu biyu, hukunci biyu. A 2014 kuma kotun Tarayyar Turai, a rigimar kamfanin gem na Nintendo da wani kamfanin Italiya mai suna PC Box, ta ce doka tana kare makullin da kamfani ya sa, amma kada makullin ya wuce gona da iri, kuma a duba abin da mutane ke yi da kayan buɗewar a zahiri, ba abin da ake cewa za a iya yi da su ba. Ka riƙe wannan jimlar ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Su ma kamfanonin ba tsarkaka ba ne. Lokacin da Sony ya fito da PlayStation 3, yana cikin abin da ya yi talla da shi cewa za ka iya sa mata manhajar Linux ta zama kamar kwamfuta. A watan Afrilun 2010 sai ya turo sabuntawa ya cire wannan damar daga na'urorin da mutane suka riga suka biya kuɗi suka kai gida. Masu na'urorin suka kai ƙara a Amurka, daga baya kamfanin ya yarda ya biya su ɗan abin da ya sawwaƙa. Kai da kake gyara ka ma fi ni sanin wani abin haushin: abin da ke karanta kaset a cikin na'urar an ɗaure shi da allon da aka haɗa su tare tun daga masana'anta, ba ka isa ka ciro na wata ka maƙala kawai ya yi aiki ba. Sai a 2021 hukumar da ke duba dokar haƙƙin mallaka a Amurka ta ba masu gyara izinin tsallake makullin don su gyara wannan ɓangaren kaɗai. Ita wannan hukumar tun 2010 ta halatta buɗe wayar hannu, amma da aka roƙe ta a 2012 ta yi wa na'urorin gem irin wannan sassaucin, sai ta ƙi.

Tunda ka tambaye ni ra'ayina, ga shi ba tare da kwana-kwana ba. Ban ga dalilin da zai sa a ɗaure mutum don ya buɗe na'urar da ya saya da kuɗinsa ba, ko don ya gyara ta, ko ya buga tsohon wasan da kaset ɗinsa ya karce kuma an daina sayarwa, ko ya gwada wasan da shi da kansa ya rubuta. Idan ya karya sharaɗin kamfani, kamfani ya janye garantinsa, ya hana shi shiga dandalinsa na intanet, kamar yadda Microsoft ya yi wa ɗimbin masu Xbox 360 a ƙarshen 2009. Wannan ya isa. Dokar haƙƙin mallaka an yi ta ne don a kare aikin mai fasaha, ba don ta zama kwaɗon da kamfani zai rataya a ƙofar ɗakin wani ba.

Amma ɗana, ra'ayin Kawu ba ya fitar da kowa daga kotu. Abin da ya kamata doka ta ce daban, abin da ta ce daban. Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta 1996 a kan haƙƙin mallaka a zamanin intanet a shekarar 2017, kuma wannan yarjejeniyar ce ke neman ƙasashe su kare irin waɗannan makullai. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar da asalinta tun 1988 ne. Sabuwar dokar ta hana karya makullin fasaha da aka sa don kare aikin wani, ta kuma hana ƙerawa, shigowa da sayar da kayan da amfaninsu ke nan. Kwafar aikin wani a sayar kuwa, tun a tsohuwar dokar laifi ne. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, mai hedikwata a Abuja, tana da jami'an da doka ta ba ikon shiga shago, ƙwace kaya da kama mutum, kuma shari'ar irin wannan a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta. Saboda haka da Yaya ya ce maka laifi ne a doka, bai yi maka ƙarya ba. Cewa ba ka taɓa ganin an kama wani a layinku ba, wannan sa'a ce, ba izini ba.

Yanzu mu dawo kan jimlar da na ce ka riƙe. Abubuwa uku ne kake yi a shagon nan, ka haɗa su ka ba su suna ɗaya. Akwai gyara, wanda babu mai ja da kai a kansa. Akwai buɗe makulli, wanda a kansa ne duniya ke gardama. Akwai kuma loda wasannin da ba a biya masu su ko sisi ba, a karɓi kuɗi. Da kake musu da Yaya, na biyun ka kare, kuma ka kare shi da kyau. Amma na ukun ne ke biyan hayarka. Ɗauki littafinka ka duba na'urori ashirin na ƙarshe da ka buɗe. Mutum nawa ne a ciki ya ce maka yana so ya sa Linux, ko zai gwada wasan da ya rubuta? Na san amsar, kai ma ka sani.

Na taɓa raka wani jikana irin shagonka wata Asabar da yamma. Benci biyu, yara sun cika su har wasu na tsaye, janareta na ta kuka a bakin ƙofa. Da wuta ta ɗauke aka koma kan janareta, sai na ga mai shagon ya zagaya na'urorin ɗaya bayan ɗaya da ɗan filashi a hannu, yana jira allo ya ba shi alama ya soka, ya zare, ya wuce ta gaba, yaran kuma suna ta ƙorafin an cinye musu minti. Na tambaye shi me yake yi, ya ce ai duk lokacin da na'ura ta mutu sai an sake buɗe ta. A kan teburinsa akwai wata 'yar takarda da aka liƙa da salatif, an jera sunayen wasanni, gaban kowane da farashinsa. Wannan takardar ita ce duk shari'ar. Babu lauyan da zai tsaya gaban alƙali ya ce mai wannan takardar 'yancin mallakar na'ura yake karewa.

Dubi yadda ta kaya da mutum biyu da duniya ta sani. George Hotz, wani matashi Ba'amurke, shi ne ya wallafa mabuɗin PlayStation 3 a farkon 2011. Sony ya maka shi a kotu, amma cikin 'yan watanni aka yi sulhu, ya yi alkawarin ba zai sake ba, bai kwana ko ɗaya a gidan yari ba. Shi kuwa Gary Bowser, ɗan Kanada (abin dariya, sunansa ɗaya da dodon da ke cikin wasannin Mario na Nintendo), yana cikin wata ƙungiya da ke sayar da kayan buɗe Nintendo Switch da wasu na'urori. A 2022 kotu a Amurka ta yanke masa wata 40 a gidan yari, kuma tsakanin diyya da hukuncin ƙarar da Nintendo ya shigar, bashin da ke wuyansa ya kai dala miliyan 14 da rabi. Ya fito, amma zai yi ta biya daga abin da yake samu har iya rayuwarsa. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ya buɗe ƙofa, ɗayan ya kafa teburi a bakinta yana yankar tikiti. Ban ce za a turo jirgi daga Japan a ɗauke ka daga Bauchi Road ba. Ina nuna maka ne a wane ɓangaren layin sana'arka ta faɗa.

Na san abin da za ka ce, don ni ma na faɗe shi a raina. Sabon wasa dala 70 ne, kusan naira dubu ɗari, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Kantin PlayStation na intanet ma bai san da Najeriya ba, sai mutum ya yi rajista da adireshin Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu. Kamfanin da bai kawo maka kasuwa ba, da wane baki zai ce ka ci masa kasuwa? Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma shi ya sa ba na kallon yaron da ke buga wasan da aka loda a matsayin mugu. Amma kai ɗan Jos ne, garin da Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, garin da aka ɗauki finafinan Hausa ba adadi. Ka je ka zauna da duk wani tsohon furodusa ka tambaye shi abin da ya kashe kasuwar faifai. Zai ba ka labarin masu kwafa da masu tura fim a waya a kan naira hamsin, kuma kowannensu hujjarsa ita ce taka: talaka ba shi da kuɗin na asali. Da abin ya zo kan namu, ba mu kira shi taimakon talaka ba.

Ta fuskar addini ni ba malami ba ne, amma tunda Yaya ya ambaci haram, ya kamata ka san ba daga kansa ya ƙago ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, bai halatta a keta ta ba. Ka sami malamin da ka yarda da iliminsa, ka zayyana masa sana'ar yadda take, da gyaran da lodin duka, kada ka tambaye shi rabin tambaya don ka sami rabin amsar da kake so.

To, Alhaji. Shi ne mafi gaggawa, kuma shi ne mafi sauƙi. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa wa kanka: ranar da ka miƙa masa na'urar, ka gaya masa ƙarara cewa in ta hau intanet ta sabunta, komai zai kulle, kuma komawa baya ba abu ne mai sauƙi ba? In ka gaya masa, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ba ka gaya masa ba, ko ka faɗa a gurguje yana ƙirga kuɗi, laifin naka ne, don kai ne masani, shi uba ne da ya so ya faranta wa 'ya'yansa. Ko ta wace hanya, na'urarsa ba ta mutu ba. Ta koma yadda kamfani ya yi ta ne, tana karɓar kaset na asali, tana hawa intanet. Don haka neman kuɗin na'ura sukutum ya yi yawa, fushi ne ya faɗa. Abin da ya yi asara shi ne kuɗin da ya ba ka na buɗewa da lodi. Ka mayar masa da su cif, kada ka cire ko na wahala.

Kada ka jira ya sake zuwa shago. Ka sami wani dattijo da yake jin kunyarsa, limamin unguwarsu ko shugaban 'yan layinku, ku same shi a gida bayan la'asar. Ka ba shi haƙuri, ka ajiye kuɗin, ka ce a kawo na'urar ka share wasannin da suka kulle, ka sauke wa yaran eFootball da Fortnite, waɗanda kyauta ne daga masu su, in da hali ka haɗa da kaset ɗin ƙwallo ɗaya na hannu. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne kada bakinka ya kuskura ya ce masa ai shi ma da hannunsa a ciki. Gaskiya ce, amma irin gaskiyar da ke mayar da ƙaramar magana babba. Idan duk da haka ya kai ka ofishin 'yan sanda, kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar ciniki zalla, kuma abin da ke tsakaninka da Alhaji ke nan. Sai dai in aka zo shagonka aka tarar da rumbun ajiya cike da wasannin kwafi da takardar farashi a bango, magana ta canja salo. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka kashe wutar tun tana ƙarama. Ka kuma ware ɗan kuɗi ka zauna da lauya na awa ɗaya ya karanta maka dokar 2022 a kan ainihin abin da kake yi, ya fi ka ji ta a bakin 'yan layi.

Yaya kuma, ka ɗan shiga rigarsa. Ma'aikacin gwamnati ne, kuɗinsa ne a shagon, kowa a dangi ya san haka. In aka kama ka, wayarsa za a fara kira, shi zai bar ofis ya kamo hanyar Akwanga cikin dare, shi zai tsaya beli, shi zai kalli idon Mama. Abin da ya fito a bakinsa fushi ne, amma abin da ke ƙarƙashinsa tsoro ne. Ba ina wanke shi ba ne gaba ɗaya. Bai kyauta ba da ya yanke maka wa'adi zuwa ƙarshen wata bai tambaye ka daga ina kuɗin maganin Mama ke fitowa ba, kuma ƙin ɗaukar waya sati uku ba hanyar gyara ƙane ba ce. In yana karanta wannan shafin, na faɗa masa. Amma kai ne ƙarami, kuma kai ka ɗaga murya, don haka kai za ka fara takawa.

Kada ka yi wannan maganar a waya, kuma kada ka mayar da Mama 'yar aike, mai hawan jini ba ta bukatar ɗaukar saƙon faɗa daga ɗa zuwa ɗa. Ka shiga mota ranar Asabar ka same shi a Abuja. Ka fara da ban haƙuri a kan yadda ka yi masa magana, ka tsaya nan, kada ka liƙa masa "amma". Sannan ka buɗe littafin shagon a gabansa: ga abin da gyara ke kawowa a wata, ga na yara masu buga ƙwallo, ga na lodi, ga haya, ga man janareta, ga maganin Mama. Yawancin yayye ba su san lissafin ƙannensu ba, suna ganin shago a buɗe sai su ɗauka komai lafiya. Ka ce masa lodi na kuɗi ka daina daga yau, ba sai ƙarshen wata ba, don wannan shi ne abin da ya fi haɗari kuma shi ne ba ka da hujja a kansa. Abin da kake roƙo shi ne wata uku ka daidaita sauran, kuma a cikin wata ukun nan ya ɗauki nauyin maganin Mama. Wanda ya ce a bar haram, ya kamata ya sa hannu a riƙe halal ɗin kafin ta tsaya da ƙafarta. Ina kyautata zaton zai yarda. In kuma ya dage sai jarinsa, kada ka yi zuciya ka sayar da na'urorinka a wulaƙance. Ku zauna gaban baffanku, a rubuta nawa ne, a raba shi wata-wata yadda za ka iya. Bashi ana biyansa a gama, ɗan'uwa kuwa ba a sake haifo maka wani.

Ba zan ruɗe ka ba, kuɗin shiga zai ragu, wataƙila sosai a watannin farko. Amma hannun da ya iya buɗe PlayStation ya iya abin da ya fi haka tsada. Ƙurar hunturun Jos kaɗai kasuwa ce: na'ura ta toshe, fanka na ihu kamar jirgi zai tashi, tana zafi tana kashe kanta. Wankewa da canja man da ke sanyaya ƙwaƙwalwarta aiki ne na awa ɗaya da mutane ke biya da murna. Ga ramin HDMI, inda ake soka wayar talabijin, da yara ke karyawa, ga hannun gem da sandarsa ke tafiya da kanta, ga batir, ga rumbun ajiya da ya gaji. Masu PlayStation 5 suna ƙaruwa, kuma wanda ya zuba dubban ɗaruruwa a na'ura yana neman mai gyaran da zai amince da shi, ba mai arha ba. Ka fara saye da musayar kaset na hannu, mutum ya kawo wanda ya gama ya ɗora kaɗan ya ɗauki wani. Ka riƙa haɗa gasar ƙwallo ranar Lahadi da ɗan kuɗin shiga da kyauta ga zakara.

Na'urorinka huɗu su ne wurin da zai fi yi maka ciwo, don in su ma a buɗe suke, da ka sabunta su wasannin lodi za su kulle, ba dawowa. Kada ka yi su rana ɗaya. Fara da biyu, ka saya musu kaset ɗin ƙwallo na bara, wanda farashinsa ke faɗuwa da zarar sabo ya fito a wajen watan Satumba. Ai ka san yaran nan, cikin wasanni ashirin da ke kan na'ura ƙwallo suke bugawa, sai jefi-jefi a yi dambe ko tseren mota. In ka ga ciniki bai mutu ba, sauran biyun su bi. Ka dai sani, ko da kaset na asali, sharaɗin da kamfanonin ke rubutawa na amfanin gida ne, don haka ka sa maganar gidan gem cikin abin da za ka tambayi lauyan. In kuma akwai wata tsohuwar na'ura taka ta kanka da kake so ka riƙa kwancewa kana koyon yadda cikinta yake, ni dai ba zan ce maka ka yi zunubi ba, illa ka bar ta a gida, kada ta zama haja.

Maganar lefe, ka gaya wa yarinyar da bakinka cewa zai ɗan ja baya, ka kuma gaya mata dalili. Iyayenta za su yi bincike a kanka, kuma a unguwa za su yi shi, inda labarin Alhaji ya riga ya zaga. Gara a ce musu yaron nan ya sami matsala da wani ya bi shi har gida ya biya shi, da a ce musu ana nemansa.

Shi kuma wancan ra'ayin naka, cewa mai na'ura ya fi kamfani iko da ita, kada ka yar da shi don ka sha kaye a wannan karon. Izinin gyaran da aka samu a Amurka a 2021 masu gyara ne suka yi ta rubutu suna matsawa shekara da shekaru kafin a ba su. Ku ma kuna da ƙungiyoyin masu gyaran waya a Jos da Abuja da Kano, kuma doka aba ce da majalisa ke yi wa kwaskwarima. Amma mai wannan maganar sai hannunsa ya zama babu takardar farashin lodi, in ba haka ba babu mai saurarensa.

Yau da dare ka tura wa Yaya gajeren saƙo, ka ce kana neman izinin zuwa ranar Asabar ka gaishe shi, kada ka sa komai na shago a ciki. In bai amsa ba zuwa jibi, ka kira matarsa ka gaishe ta, ka ce mata kana tafe. Kafin ka shiga mota ka biya Farin Gada ka cika musu ɗan buhu da dankali da kabeji, don ba a shiga gidan yaya daga Jos hannu rabbana. Ka rubuto mini bayan ka dawo, ina so in ji abin da ya ce da ya ga shafin maganin Mama a littafin.